Dauda Mai Agashe da Gadar Farin Nil

A unguwar Abbasiyya ta birnin Omdurman, ƙasar Sudan, a shekarun da gari ke zaune lafiya kafin yaƙin nan, in ka tambayi inda ake samun agashe mai kyau ba wanda zai ba ka sunan titi. Cewa za a yi ka bi ƙamshi har ka iske Dauda. Tun la'asar yake hura garwashi a gindin wata darbejiya, yana yanka nama fale-fale, yana mulmula shi cikin garin ƙuli-ƙuli da yaji, bakinsa kuma bai taɓa hutawa ba. Kakansa ne ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji. Ya sauke farali, a hanyar dawowa ya tsaya bakin Nil don ya ɗan huta, hutun da bai ƙare ba har ya koma ga Allah. A nan aka haifi Dauda, a nan ya auri Ruƙayya, a nan furfura ta same shi.

Mutum ne mai faɗin ƙirji da kaurin murya. Da yatsunsa yake gyara garwashi. An taɓa ganin ya shiga tsakanin samari biyu da suka zaro wuƙaƙe, ya damƙi wuyan rigar kowannensu, ya zaunar da su a benci ɗaya, ya miƙa musu tsinken nama guda ya ce su raba. Kuma babu abin da ba shi da ra'ayi a kansa, daga ƙwallo har tarbiyyar yara. Amma ra'ayin da aka fi saninsa da shi na Khartoum ne, birnin da ke can hayin kogi.

"Khartoum? Me aka ajiye a Khartoum?" haka yake cewa yana fifita wuta. "Ofis da hayaƙin mota. Mutumin can in yana gaishe ka agogo yake kallo. Duk abin da ɗan Adam ke buƙata akwai shi a kasuwar Omdurman. Abin da babu a nan, to dama ba a buƙatarsa."

Gaskiyar maganar kuwa, Dauda ya haura shekara talatin bai taka gada ba.

Yana matashi abin ya same shi, bai daɗe da aure ba. Ya shiga motar haya zai je kasuwar Suk al-Arabi da ke Khartoum sayen fitila. Suna tsakiyar gadar Farin Nil, wadda kowa ke ce wa kubri, sai hanya ta cushe, mota ta tsaya cak. Rana ta take, mutane a matse, ba gaba ba baya, ruwa a ƙasa ta kowane gefe. Haka kawai ƙirjinsa ya fara duka kamar ana daka a turmi. Numfashi ya ƙi shiga, yatsunsa suka yi sanyi, wani abu a cikinsa ya tabbatar masa cewa yau zai mutu. Ya tattake ƙafafun mutane ya dira daga motar, ya juyo a guje har sai da ya ji ƙasar Omdurman a tafin ƙafarsa. Yana isa, komai ya lafa kamar ba a yi ba.

Likita ya saurari zuciyarsa ya ce lafiyarta lau. Malami ya yi masa rubutu ya sha, ya ji daɗi a ransa. Amma ranar da ya sake shiga mota, da ya hango bakin gadar sai ya ce wa direba ya yi mantuwa, ya sauka. Sauƙin da ya ji da saukar nan ba ƙarami ba ne, kuma shi ya cuce shi, don daga ranar jikinsa ya koyi cewa maganin abin shi ne gudu.

Sai ya shiga gina rayuwarsa a gefe ɗaya na kogi. In an yi biki a hayi, nama ba ya jiran mutum. In takarda ce a ofis, ai Ruƙayya ta fi shi haƙurin layi. Da farko ya san uzuri yake kawowa. A hankali uzurin ya yi ƙiba ya zama ra'ayi, ra'ayin ya zama hali, har shi kansa ya yarda cewa ba kasawa ya yi ba, ƙi ya yi. Ruƙayya ta gane tun shekarar farko, ta rufa masa asiri. In tafiya ta taso, takan yafa mayafinta tun kafin ya buɗe baki, ta ce, "Malam, zauna ka ji da wutarka, ni na je."

Autarsu Mawahib ce ta fara taɓa maganar. Kullum tana tsallaka gadar nan zuwa jami'a, inda take karatun halayyar ɗan Adam. Wata rana da safe suna shan shayi a tsakar gida, ta ajiye kofi ta ce, "Baba, abin da ke damun ka fa yana da suna, kuma yana da magani. Mutane da yawa suna da shi. Tsoro ne kawai."

Dauda ya dube ta kamar ta zage shi a bainar jama'a.

"Tsoro? Ni? Wannan ne abin da ake koya muku a can hayin?"

Ya tashi bai ƙarasa shayinsa ba. Ya yi kwanaki yana amsa gaisuwarta a taƙaice. Da Mawahib ta kai kuka wurin uwarta, Ruƙayya ta ce, "Gaskiya kika faɗa, amma kin faɗe ta a tsaye. Ubanki in kina son ya ɗauki abu, ajiye shi za ki yi a kan hanyarsa ki kau da kai, ya tsinta ya ce nasa ne."

Bayan Mawahib ta gama karatu ta auri Amjad, wani mai walda a Alshajara, kudancin Khartoum. A Omdurman aka ɗaura aure, mata suka kai amarya, Dauda ya sha da ƙyar. Da haihuwa ta zo, Mawahib ta dawo gida wanka kamar yadda aka saba, ta haifi 'ya mace aka sa mata Shahd. Nan fa Dauda ya faɗa son jikarsa. Mutumin da bai taɓa makara wurin sana'a ba sai ga shi ana aiko masa cewa masu saye sun taru, yana zaune da jaririya a cinya yana gaya mata sirrin haɗin yaji. Ranar da Amjad ya zo ya kwashe iyalinsa, Dauda ya raka su har bakin titi, ya dawo ya zauna yana kallon tabarmar da aka naɗe.

Suna zuwa ziyara ranakun Juma'a, yana kuma ganin yarinyar a waya. Haka aka tafi har ta iya magana. Wata Juma'a tana zaune a wuyansa tana jan hularsa, sai ta kira shi yadda yaran can ke kiran kaka, ta ce, "Jiddu, gidanmu akwai mage. Me ya sa ba ka zuwa ka gan ta? Ba ka son mu ne?"

Dauda ya sauko da ita daga wuyansa ya ɗora ta a cinya. Ya iya gaya wa manya cewa Khartoum hayaƙi ce. Wannan yarinya kuwa ba maganar Khartoum take yi ba.

Washegari ya nemi Jibirin, abokinsa tun makarantar allo, wanda ke tuƙa ƙaramar motar ɗaukar kaya. Ya ja shi bayan shago, ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya.

"Jibirin, akwai wani sirri da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ka rantse ba zai fita ba."

"Na rantse."

"Ni fa... gadar nan. Ba na iya hawanta."

Jibirin ya tsaya yana jiran sauran. Da ya ga babu saura, ya ce, "To, sai sirrin?"

"Shi ke nan sirrin!"

Jibirin ya yi dariya har sai da ya dafa bango. "Haba Dauda! Wa ne ne bai sani ba a Abbasiyya? Liman ya sani. Mai gawayi ya sani. Kana tsammanin me ya sa muka daina gayyatar ka kallon ƙwallo in a hayi ake bugawa? In ka fara zagin Khartoum, gyaɗa kai muke yi don ka ji daɗi."

Dauda ya zauna a kan buhun gawayi. Ya zata in asirin ya tonu ƙasa za ta tsage ya shige. Ga shi ashe tun tuni a tone yake, kuma ba wanda ya fasa sayen namansa, ba wanda ya fasa kiran sa rabon faɗa. Haushi ne ya fara zuwa masa kafin sauƙi.

"Wato shekara da shekaru kuna kallo na ina wahalar ɓoyewa, ba wanda ya ce in huta?"

"Wa zai ce? Da wannan wuƙar a hannunka?" in ji Jibirin. "Rabu da wannan. Gobe da sassafe hanya babu kowa. Ka shiga motata, ka rufe ido, in take mai, kafin ka gama Fatiha muna hayi."

Haka aka yi, ko kuma haka aka so yi. Dauda ya ɗaure ido da rawani, ya ƙanƙame kujera. Amma duhun ya fi ganin muni. Tun suna Mawrada, unguwar kasuwar kifi, da sauran tafiya kafin gada, ya fara ihun a tsaya. Jibirin bai gama taka birki ba Dauda ya buɗe ƙofa ya dira, ya bar takalmi ɗaya a mota. Masu kifi suka bi shi da kallo yana ɗingishi zuwa gida. Jibirin ya kawo takalmin da azahar, ya miƙa wa Ruƙayya, ta karɓa ta ajiye.

A daren ta kira Mawahib a waya, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Bayan kwana biyu ta ce, "Malam, kifi nake marmari, irin na bakin kogi. Kuma ƙafata na ciwo, ba na son tafiya ni kaɗai."

Suka sayi kifi a Mawrada, sai ta ce iska take so ta sha. Ta ja shi wurin wata mai shayi da ke zama a inuwa, daidai inda ake hango bakin gada da motoci suna hawa. Ƙirjin Dauda ya fara bugawa. Ya miƙe.

"Mu tafi."

"Ban gama shayina ba," in ji Ruƙayya, tana hura shi a hankali kamar wadda ba ta da abin yi a duniya.

Ba zai bar matarsa a titi ba, sai ya koma ya zauna. Gumi ya jiƙa masa riga. Abin ya hau, ya hau, ya kai inda yake jin yanzu zai faɗi. Bai faɗi ba. Can sai ya lura da wani abu da bai taɓa tsayawa ya gani ba: bugun ya fara raguwa da kansa, alhali gadar na nan inda take, shi ma yana nan inda yake. Kafin Ruƙayya ta gama kofi na biyu, har ya fara yi wa mai shayin gyara a kan yawan citta.

A hanyar gida ya ce, "Kin san wani abu da na gano? Abin nan kamar kitse ne in ya ɗiga a wuta. Ya tashi fuu kamar zai cinye rumfa, in ka ƙyale shi sai ya mutu. Ni kuwa duk shekarun nan ban taɓa jira in ga mutuwarsa ba."

"Kai, Malam, ka yi tunani," in ji Ruƙayya, idonta a kan hanya.

Daga nan ya mai da abin aikinsa. Kowace safiya kafin ya je mahauta sai ya bi ta bakin gada. Ya zauna a nesa, ya matso, wata rana ya dafa ƙarfen gefe. Daga baya ya fara takawa ta hanyar masu ƙafa, ya tsaya har ƙirjin ya yi haukansa ya gaji, ya juyo. Akwai ranakun da ya koma baya, akwai makon da bai je ba sam ya ce mura ce. Ranar da ya kai tsakiya ya leƙa ƙasa, ya ga masunta a kwalekwale da tsuntsaye a kan ruwa, ya ce a ransa ashe wurin ma da kyau. Da Juma'a ta zo ya zaunar da Mawahib ya yi mata bayanin dabarar da ya ƙirƙiro, dalla-dalla, ya ce ta iya koya wa masu zuwa wurinta. Ta saurara da natsuwa ta ce, "Allah ya ƙara basira, Baba." Shi ya san daga inda dabarar ta fito, ita ma ta san ya sani, suka bar ta a haka.

Saura mota. Wata Asabar da hantsi ya gasa nama na musamman, ya naɗe a takarda, ya sa farar jallabiya, ya ce wa Ruƙayya zai je ya dawo. Ya ƙi rakiyar kowa. Ya shiga motar haya mai zuwa Suk al-Arabi, ya sami wuri kusa da wata tsohuwa mai kwandon lemun tsami.

Suna kaiwa tsakiyar gada hanya ta cushe. Mota ta tsaya cak.

Abin ya zo masa gaba ɗaya, da ƙarfinsa na farko. Hannunsa ya kama rawa har takardar naman tana ƙara. Ƙofa na nan kusa, ƙafafunsa suna roƙon ya tashi. Ya danne su da tafin hannu, ya shiga jan numfashi a hankali.

Tsohuwar ta leƙa fuskarsa. "Ɗana, lafiya? Ciwon sukari ne? Direba, akwai mara lafiya!"

Duk motar ta juyo. Dauda ya nemi ƙaryar da zai yi, sai ya ji ya gaji da nema.

"Ba ciwo ba ne, Hajja. Tsoro nake ji. Tsoron gada."

Sai tsohuwar ta tafa hannu. "Ai ni ma! Kullum in mun hau sai in rufe ido in ta salati har mu sauka. Yau ne ma na buɗe don na ji kana karkarwa." Ta ɗauko lemo ta ɓare ta ce ya shinshina.

Wani mai kwat da jaka a baya ya yi gyaran murya ya ce shi bene na bakwai yake aiki, kuma da ƙafa yake hawa kullum, don ba abin da zai sa shi shiga akwatin nan mai ɗaga mutane. Wata malamar asibiti ta ce ita tana yi wa mutane allura daga safe har yamma, amma in ita za a yi wa sai an riƙe ta. Mai karɓar kuɗin mota, ƙato mai tabo a goshi, ya daɗe yana kallon waje, sannan ya ce, "Ni kaza." Aka ce me? Ya ce, "Kaza. In ta kalle ni ta gefen ido." Motar ta kece da dariya har direba ya kifa kai a kan sitiyari. Dauda ya tsinci kansa yana dariya da hawaye, ƙirjinsa na bugawa, bai san wanne ne na tsoro wanne ne na dariya ba. Ya kwance takardar ya zagaya da nama. Lokacin da hanya ta buɗe suka gangara Khartoum, rabin tsarabar ta tafi.

A Suk al-Arabi ya tsaya yana juyi kamar baƙauye. Bai gane ko kusurwa ɗaya ba. Ya tambayi motar Alshajara, ya shiga. Amjad na tsugune yana walda a bakin shago, ya ɗaga gilashin fuska ya ga surukinsa tsaye da farar jallabiya. Ya sauke gilashin, ya sake ɗagawa.

"Baba? Kai da wa?"

"Ni da ƙafata. Ina magen?"

Mawahib ta yi kuka, ta yi dariya, ta kira uwarta a waya. Shahd kuwa ba ta ga abin mamaki ba. Ta kama yatsansa ta kai shi bayan randa ta nuna masa magen, wata ramammiya mai kunne ɗaya a karye. Dauda ya tsuguna ya gaishe ta da mutunci, ya ba ta tsoka guda.

Tsoron bai bar shi gaba ɗaya ba. Ko bayan nan in mota ta hau gada tafinsa yakan yi gumi, wani lokaci ya gaya wa na kusa da shi, wani lokaci ya bar wa kansa. Amma yana hawa. Kuma da hanya ta buɗe masa sai ya tarar akwai mutanen da suka yi shekaru suna fassara rashin zuwansa yadda suka ga dama.

Wata Juma'a Amjad ya ɗauke su duka zuwa Jabal Awliya, can hayi kudu da Khartoum, cin kifi a bakin madatsar ruwa. Ruƙayya ta ce ai nan Hadizatu take, 'yar ƙanen babansa, wadda aka aurar wa wani masunci tun suna matasa. Suka yi tambaya har ƙofar gidanta. Tsohuwa ta fito tana share hannu a zane, ta ƙura masa ido, ta gane shi, ta ɗaure fuska.

"Wa nake gani? Mai kuɗin Omdurman? Na aurar da 'ya'ya ba ka zo ba. Na yi jinya ba ka zo ba. Na ce tun da na auri mai kamun kifi ka ga mun yi maka ƙarni."

"Yaya, wallahi ba haka ba ne," in ji Dauda. Ya sunkuyar da kai ya gaya mata komai, a gaban surukinsa da jikarsa da maƙwabtan da suka fara leƙowa.

Hadizatu ta saurara har ƙarshe, hannu a ƙugu.

"Gada," ta ce. "Ni ina nan ina ƙullace da kai, ina tsara maganganun da zan gaya maka ranar da muka haɗu, ashe gada ce." Ta juya ta ƙwala wa jikokinta kira su shimfiɗa tabarma su hura wuta. Sannan ta waiwayo ta nuna shi da yatsa. "Maganganun nan fa sai na faɗe su, don na sha wahalar tsara su. Zauna. Za ka ji su kana cin kifi."